An Hana Dubiya a Gidan Mai Kitso

Duk layin babu wanda ya taɓa jin Mai Kitso ta ce a'a. Ka ari dutsen gugarta ka dawo da shi a ƙone, ta ce ba komai. Mace ta zo kitso da 'ya'ya huɗu su yi mata kaca-kaca da ɗaki, ta ce ba komai. Ƙofarta kuwa sai dai iska ta rufe ta. Daga safe zuwa la'asar tsakar gidan cike yake da mata, wata kai a tsefe, wata ta zo hira kawai, wata ma ta manta abin da ya kawo ta. Surukarta, wadda duk dangi ke kira Inna, takan ce, "Matar ɗan nan nawa, ko kanta ka ce ta ara maka sai ta cire ta miƙo."

Ɗan Mai Kitso ɗaya ne, ɗan shekara biyar, siriri, mai manyan idanu. Yaran layi ne suka sa masa Alƙali. Ba ya iya gudu. Da ya ɗan yi taku mai sauri sai numfashi ya ƙwace masa, leɓɓansa su yi duhu, ya tsuguna a gindin bango yana kallon sauran suna ƙwallo. Daga tsugunen nan yake faɗin wanda ya taɓa da hannu da wanda ya yi ƙarya, kuma ba ya sassauta wa kowa.

Tun yana jariri ƙirjinsa bai huta ba. Murar da sauran yara za su yi su share hanci su koma wasa, shi sai ta sauka masa huhu. Zazzaɓi ya rufe shi, haƙarƙarinsa ya riƙa lotsawa, a kwasa sai asibiti, a sa masa robar iska a hanci. A sallame su, kafin ya gama mayar da jikinsa su sake komawa. An daɗe ana cewa sanyi ne. Inna ta ce fanka ce, babban wan uban yaron ya ce ruwan firij ne, ita kuwa Mai Kitso ta kashe fankar, ta daina sa ruwa a firij, ciwon huhun bai fasa dawowa ba.

Sai da aka tura su babban asibiti sannan aka gano. Likitar zuciya, wata 'yar ƙaramar mace mai saurin magana, ta daɗe tana yawo da na'urar hoto a ƙirjin yaron, sannan ta zaunar da uwar.

"Abu biyu ne," in ji ta. "Jijiyoyin da ya kamata su kawo jini daga huhu zuwa zuciya sun ɓata hanya tun yana ciki. Shi ya sa leɓensa ke duhu. Ba kasafai ake ganin irin wannan ba, amma muna iya gyara shi da tiyata. Na biyun ba ma iyawa. An haife shi babu saifa."

Mai Kitso ba ta san saifa ba sai a teburin mahauci. Likitar ta ce ita ce ke tare wasu ƙwayoyin cuta kafin su yi ƙarfi, wanda ba shi da ita garkuwar jikinsa a raunane take, abin da ke ba wani atishawa shi yana iya kwantar da shi. Ta rubuta maganin da zai riƙa sha kullum. Ta kuma kafa sharaɗi ɗaya: ba za a taɓa zuciyarsa ba sai ƙirjinsa fes yake, babu tari, babu zazzaɓi.

Sau biyu ana sa rana, sau biyu ana ɗagawa. Kuma yadda ta farko ta lalace haka ta biyu ta lalace. Da labari ya bazu cewa za a yi wa Alƙali aikin zuciya, sai dangi da maƙwabta su yi ɗango zuwa dubiya. Ɗaki ya cika har zaure, kowa ya shafa kansa, kowa ya ɗauke shi ya ɗora a cinya, wasu da goyo mai yoyon hanci. Don ƙauna suke yi, babu mai musu. Bayan 'yan kwanaki jikinsa ya yi zafi.

A zuwa na uku likitar ta cire abin saurare daga kunnenta ta ce, "Su wa ke shiga gidanki?"

Mai Kitso ta yi 'yar dariya. "Likita, ai sai dai ki ce wa ba ya shiga."

Likitar ba ta taya ta dariyar ba. "Zuciyarsa ta fara gajiya. Zan ba ku rana ta uku, nan da 'yan makonni. Ban yi miki alkawarin ta huɗu ba, don ban san ko jikinsa zai iya ɗaukar aikin a lokacin ba. Ki kawo mini shi da ƙirji mai tsabta. Yadda za ki yi, ke kika sani."

A motar komawa gida Mai Kitso ta rungume yaron. Tsoro ne ya fara kama ta, amma kafin su sauka ya zama haushi, kuma haushin kanta ta fi ji. Sau biyu tana tsaye tana kallon masu tari suna sumbatar ɗanta, tana yi musu sannu da zuwa.

Washegari ta tattara mataji da tsinken kitso da kwalaben mai ta zuba a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Ta wanke ɗaki da sabulu, ta shanya katifa a rana. Sannan ta ja ƙofar gida. Ƙofar ta yi ƙara don ta daɗe ba ta motsa ba, sakatar ma sai da ta ɗiga mata mai kafin ta shiga.

Wanda doka ta fara hawa kansa mijinta ne. Direban bas ne mai dogon zango, yini yake cikin numfashin fasinjoji. Ya dawo da jakarsa ya tarar da ƙofa a rufe, matarsa na yi masa magana ta tagar da ke kallon titi.

"Maigida, kayanka na shagon ƙaninka, na aika. A can za ka riƙa kwana har a yi aikin."

"Gidan nawa?"

"Gidan naka. Ɗan ma naka ne."

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Mutum ne mai sanyin hali, kuma ya ga ɗansa da robar iska a hanci fiye da yadda yake son tunawa. Ya ɗaga wa Alƙali hannu ta gilashi, ya ce, "To, Allah ya sa Inna ta ji da kunnen rahama." Ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Ba ta ji da kunnen rahama ba. Gidan Inna a ƙarshen layin yake, kuma tun da aka haifi yaron ba ta taɓa yini ba ta gan shi ba. Maigidana take kiransa, shi kuma ya ce mata ya sake ta don ta tsufa. Da hantsi ta iso, gwaggonnin yaron biyu a bayanta ɗauke da kwanukan abinci, ita kuma da hankici a hannu tana ta fyace hanci. Ta tura ƙofa ta ji ta gam.

"Ke! Wa ya rufe ƙofar nan da rana tsaka?"

"Ni ce, Inna. Ina kwana?" Muryar ta fito ta taga.

"Buɗe, kwanon nan da zafi."

"A ajiye a bakin ƙofa, Inna, zan ɗauka. Na gode. Amma ba a shiga."

Inna ta juya ta kalli 'ya'yanta, ko su sun ji abin da ta ji. "Ba a shiga? Ni?"

"Kowa ma. Ke kuma ga mura a jikinki."

"Wannan 'yar murar? Da ita na goyi uban yaron da yayyensa, wanne ne ya mutu?"

"Su suna da saifa, Inna. Shi ba shi da ita."

"To sannu likita. Buɗe in ga maigidana ko na minti ɗaya ne."

Mai Kitso ta gyara tsayuwa. Ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli matar nan tsakar ido ba, balle ta musa mata. Ta riƙe ƙarfen taga da hannu biyu ta ce, "A'a."

Babbar gwaggon ta yi salati. Maƙwabta sun fara leƙowa. Inna ta ninke hankicinta a hankali, ta ce da ƙarfi yadda duk layin zai ji, "Na ji. Ku shaida. Zan koma ɗakina in zauna. Ba na fita, ba na son ganin kowa, ko ku 'ya'yana, tunda ni ce annoba. Ranar da yarinyar nan ta zo ta durƙusa ta ce ta yi kuskure, ranar zan buɗe." Ta juya ta tafi ba ta waiwaya ba.

Inna kuwa ba ta rantsuwar wasa. Ta shige ɗaki ta rufe. Abinci ma a bakin ƙofa ake ajiye mata. Jikoki su zo ta kore su ta taga, 'ya'yanta su kira waya ta kashe. Haka layin ya wayi gari da rufaffun ƙofofi biyu, ɗaya a tsakiya ɗaya a ƙarshe, kowa na jiran ya ga wadda za ta fara buɗewa.

Magana kuwa an sha ta. An ce asibiti ya juya wa Mai Kitso kai. An ce ta fara ƙyamar mutane. Matan da ta yi shekaru tana yi wa kitso suka koma wani layi suna cin namanta a can. Babban wan mijinta ya zo da kansa, ya tsaya a titi hannu a baya.

"Ƙanwata, abin da kike yi bai dace ba. Rai a hannun Allah yake."

"Haka ne, Yaya. Sakatar ce kawai ya bari a hannuna."

"Kin san Inna ko tsakar gida ba ta fitowa saboda ke?"

"Na sani, kuma yana damuna. In an yi aikin, a tara dangi a yi mini duk faɗan da za a yi, zan zauna in saurara. Yau dai ba zan buɗe ba."

Ya ce zai sa ƙaninsa ya ɗauki mataki. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta saki labule. Sai da ya yi nisa ta zauna a ƙasa ta yi kukanta, don abin na yi mata ciwo. Ita mai son mutane ce, shirun gidan yana ci mata rai.

Amma ƙirjin Alƙali ya yi shiru shi ma, kuma wannan shirun take nema. Kullum da safe takan kara kunnenta a bayansa ta ce ya ja numfashi. Iska ta shiga ta fita babu ƙarar nan da ta saba ji. Ya fara cinye abincinsa. Ya ɗan yi kumatu. Da la'asar ta ɗora shi a kujera bakin taga, gilashi a rufe, yana kallon yaran layi suna ƙwallo yana buga gilashin in an yi maguɗi. Wani lokaci ya tambaye ta ina matarsa tsohuwa, ta ce tana fushi. Ya ce, "Ai kullum tana fushi."

Saura 'yan kwanaki a tafi, ta tashi da safe ta ji maƙogwaronta na ƙaiƙayi. Ta sha ruwan ɗumi ta ce ƙura ce. Tana cikin dama masa abin kari atishawa ta zo mata, ta danne ta da gefen zane, wata ta biyo. Hancinta ya fara yoyo. Ko daga mai kawo cefane ta ɗauka, ko daga mai ruwa, oho. Ta ajiye ludayin ta ja da baya har ta jingina da bango.

Yaron na zaune a tabarma yana jiran kofinsa. Ita ce ke ba shi magani, ita ke masa wanka, a jikinta yake barci. Ta ɗaure bakinta da hancinta da ɗankwali, ta fara lissafa mutane a ranta. Mijinta na hanya cikin fasinjoji. Ƙanwarta na da yara uku, ba a raba su da mura. Gwaggonnin yini suke a kasuwa. Duk wanda ta tuna, cikin jama'a yake kwana yake tashi. Mutum ɗaya ce tak a dangin nan da ta yi makonni ba ta shaƙi numfashin kowa ba, kuma murarta ta daɗe da warkewa.

Mai Kitso ta kusa yin dariya a cikin ɗankwalin.

Ta wanke hannu, ta tura masa kofin daga nesa, ta kunna masa rediyo. "Kada ka tashi daga nan. Yanzu zan dawo." Ta kulle ƙofar ta waje, ta bi layin da sauri. Masu shaguna suka bi ta da kallo. Wata ta ce, "Au, yau an fito?" Mai Kitso ta wuce abinta.

A tsakar gidan Inna ta tsaya can nesa da taga ta yi sallama. Labule ya motsa.

"Wa nake gani kamar likita?" in ji Inna. "An zo durƙuson?"

"A'a, Inna. Mura ta kama ni."

Labulen ya buɗe gaba ɗaya.

"Ba zan iya zama da shi ba. Ke kaɗai ce ba ki haɗu da kowa ba. Ki zo ki karɓe shi."

Inna ta daɗe tana kallonta. "Ki ce kin yi kuskure tukuna."

"Ban yi ba. Da za a maimaita ranar nan, zan sake rufe miki ƙofar. Ki riƙe fushinki, ban ce ki yafe ba. Yaro na can shi kaɗai."

"Ji mini yarinya! Kin zo roƙo kina tsaye ƙiƙam?"

"Kuma da sharaɗi. Ki yi wanka ki sa wankakkun kaya. A hanya kada ki gaisa da kowa da hannu. In kin shiga ki sa sakata. Ba Yaya, ba gwaggonni, ba ubansa." Ta nuna kanta. "Ba ni."

"Ko kin yi kuka?"

"Ko na yi."

Inna ta saki labulen ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Mai Kitso na tsaye, sai ta ji ƙarar bokiti a banɗaki.

Da Inna ta shiga wurin yaron, ta taga Mai Kitso ta koya mata komai: cokalin magani, lokacin sha, yadda ake kara kunne a bayansa. Inna na ji tana tsaki, tana cewa ta yi renon yara tun kafin a haifi uwar mai koya matan, amma ta sa aka maimaita mata awon maganin har ta riƙe. Mai Kitso ta koma kwana a ɗakin Inna, da rana kuma ta kawo kujera ta zauna a ƙetaren titi tana fuskantar ƙofarta. Dangi da suka ji Inna ta shiga suka ɗauka an buɗe gida, suka taho da kwanukansu. Kafin Mai Kitso ta miƙe, muryar Inna ta fito ta taga. "Ku ajiye a nan ku juya! Ba ku da aikin yi ne?" Babban ɗanta ma haka ta yi masa, har da ƙarin cewa ta ji yana gyaran murya.

Ranar farko yaron ya yi haƙuri. A ta biyu ya ƙi cin abinci, ya zo bayan ƙofa yana bugawa da tafin hannu yana kiran Umma. Kuka na sa leɓensa duhu, Mai Kitso ta sani. Tun tana toshe kunne har ta tsinci kanta a bakin ƙofar, goshinta a jikin katako.

"Inna, ɗan buɗe kaɗan. Ba zan taɓa shi ba. Ya gan ni kawai."

"Ya gan ki ta gilashi."

"Ya ƙi zuwa tagar. Inna, don Allah. Na ɗaure bakina."

"Matsa daga ƙofar nan."

"Ɗana ne fa!"

"Na sani," in ji Inna, muryarta ta yi ƙasa. "Ni ma na tsaya a inda kike tsaye, na san daɗinsa. Ba zan buɗe ba. Koma kujerarki."

Ta ji tsohuwar ta ɗauke shi, tana ce masa wane irin miji ne wannan mai kuka a gaban matarsa. Kukan ya yi nisa zuwa cikin ɗaki, ya ragu, ya tsaya. Mai Kitso ta tsallaka titi ta zauna, tana jin haushin matar nan kamar ta mutu, tana kuma gode wa Allah da ya yi ta da taurin kai.

Ranar tafiya ƙanin mijinta ya kawo mota da ya wanke ciki da waje, ya sauke gilasai. Inna ta fito da yaron a kafaɗa, ta shige baya ba ta ko kalli ƙetaren titi ba. Alƙali ne ya hango uwarsa, ya ɗaga hannu. Ta ɗaga masa nata biyu, ba ta matsa ko taku ɗaya ba.

Da azahar waya ta yi ƙara. Lambar Inna ce.

"Likitar taki ta saurara," in ji ta, ko gaisuwa babu. "Ta ce ƙirjin fes. Gobe da safe za su shiga da shi."

Mai Kitso ta yi hamdala a ranta.

"Kina ji na kuwa? Kuma kada ki ɗauka na huce. Maganarmu na nan."

"Tana nan, Inna."

"Ga shi, yana son magana."

Ta ji numfashinsa a wayar, yana shiga yana fita sumul. "Umma," ya ce, "kin warke?"

"Saura kaɗan."

"To kada ki zo sai kin warke. Za su kore ki."

"Ba zan zo ba," ta ce. Ta kashe wayar da sauri, don tarin da take dannewa ya taso mata.